Jijjigar farfela: gargaɗin da jirgin ruwa ke bayarwa kafin ya tsaya a tsakiyar kogi

A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa Warrah, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ya dare a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, kimanin 20 kaɗai aka ceto da rai. A ƙarshen Nuwamban shekarar, wani ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Yunin 2023 kuma, fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara.

Duk lokacin da irin wannan ya auku, dalilan da hukumomi ke lissafawa kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, kututturan itace da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya daga nutsewa. Dukkansu gaskiya ne. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato lafiyar inji da sassan da ke kai ƙarfinsa zuwa ruwa. Jirgi mai cike da mutane da ya rasa turi a tsakiyar kogi ya shiga hatsari ko da bai daki komai ba. Waɗannan sassa kuwa ba kasafai suke lalacewa kwatsam ba. Sukan yi kwanaki ko makonni suna jijjiga, suna ƙara, suna zubar da mai, kuma ana iya karanta alamun tun jirgi yana ɗaure a kwata.

Daga ina aka samo hanyar binciken

Masu ƙananan jiragen ruwa da ke tafiya da iska a tekunan Turai da Amurka sun daɗe da tsara yadda ake gano tushen jijjiga mataki-mataki. Irin waɗannan jirage suna tafiya ne da babban ƙyalle da ake ɗagawa ya kama iska, amma kusan kowanne yana da ƙaramin injin dizil a cikinsa domin shiga tasha, ko domin lokacin da iska ta kwanta. Tun da mai jirgin yakan yi nisa da makaniki, dole ya iya rarrabe cutar inji da ta giya da ta farfela da kansa.

A jirgi mai tafiya da iska, ƙarfi yana tasowa daga inji ya shiga akwatin giya, wanda ke rage gudun juyawar zuwa wajen rabi. Daga nan wasu fayafayan ƙarfe biyu da aka ɗaure da notuna suna miƙa shi ga wata doguwar sanda da ta huda ƙasan jirgin ta fita ruwa, ta bi ta cikin wani bututu mai rufin roba da ke riƙe ta, sannan ta ƙare da farfela. A jiragen fasinja na Kogin Neja da Tafkin Kainji, yawanci injin maƙalawa ake amfani da shi, wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi. A cikinsa an cure dukkan waɗannan sassa wuri guda: inji a sama, sanda a tsaye tana gangarowa, giya da farfela a can ƙasa cikin ruwa.

Tsarin ya bambanta, amma hanyar binciken ɗaya ce. Babban bambancin yana ga abin da ke biyo bayan lalacewa. Mai jirgin iska idan injinsa ya ƙi, sai ya ɗaga ƙyalle ya ci gaba da tafiya. Matuƙin jirgin kasuwa da ya ɗauko mutum ɗari ba shi da abin komawa sai gora da filafili, waɗanda ba za su iya da nauyin ba a ruwa mai zurfi da gudu.

Tambaya ta farko: a firi ko a giya

Matakin farko ba ya buƙatar kowane kayan aiki. Ana tayar da inji a bar shi a firi, a ɗan ƙara masa wuta kaɗan, a saurara, a kuma ɗora hannu a jikin jirgi. A wannan hali farfela ba ta juyawa. Idan akwai jijjiga, to daga injin take: fulogi ya mutu, ko kafireta ta toshe, ko an gauraya fetur da ruwa, ko a injin dizil bututun feshin mai ya yi datti. Haka kuma robobin da inji ke zaune a kansu suna iya tsagewa ko su saki, a injin maƙalawa kuma notunan da ke matse shi da katakon baya suna iya kwancewa, ko katakon kansa ya ruɓe.

Idan inji yana kwance lafiya a firi amma jijjiga ta taso da zarar an sa giya, zargin da ke kan inji ya ragu, sai a koma kan giya da sanda da farfela. Daga nan sai a lura da yadda jijjigar ke sauyawa. Wadda ke ƙaruwa yayin da ake ƙara totur tana nuna cewa wani abu mai juyawa ya karkace ko nauyinsa bai daidaita ba. Wadda ta fara farat ɗaya ana cikin tafiya tana nuna an daki wani abu ko an naɗo shi. Wadda ta yi ta ƙaruwa a hankali cikin watanni alama ce ta cinyewa. A jirgin iska akwai wata ƙarar kwaram-kwaram da ake ji idan inji yana kan mafi ƙarancin gudu, ta kuma ɓace idan an ƙara wuta. Wannan yawanci daga faifan da ke tsakanin inji da giya take, wanda ƙarafan murɗe da ke cikinsa suka gaji.

Giram goma da ke zama kilo takwas

Farfela ce ke fara karɓar duka, don haka ita ake fara dubawa, bayan an kashe inji an cire hular fulogi domin kada ya tashi hannu yana wurin. A teku, ƙananan halittu masu ɓawo sukan manne wa fukafukanta su ɓata daidaitonta. Jiragen iska da yawa kuma suna da farfela mai naɗewa, wadda fukafukanta ke rufewa idan ana tafiya da iska. Idan ɗaya ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, jirgin yakan yi girgiza mai tsanani. A koguna da tafkunan Arewa, abokan gabar farfela su ne tsohuwar koma, igiya, leda, ciyawar kachala, yashi, da kututture. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala dam a 1968, ya mamaye dazuzzuka ne, kuma itatuwan da ruwa ya rufe suna nan suna jiran ƙasan jirgi idan ruwa ya ja baya.

Lissafi yana nuna dalilin da ƙaramin lahani ke zama babba. Injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda ya yaɗu a Afirka ta Yamma, an ƙera shi ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe masa totur, giyarsa kuma tana raba wannan biyu. Ke nan farfela tana juyawa wajen sau 2,500 a minti, fiye da sau 40 a daƙiƙa. Idan gutsure mai nauyin giram 10 ya ɓalle daga bakin fiffike, a tazarar santimita 12 daga tsakiya, ƙarfin da ke fizgar sandar gefe guda ya kai na nauyin kilo 8, kuma yana zagaye sandar sau 40 a kowace daƙiƙa. Ƙarfin yana ƙaruwa ne da ninkin gudun a kansa: idan aka ninka gudu sau biyu, fizgar ta ninku sau huɗu. Boris da robar da ke tare mai su ne ke shan wannan duka har su gaji.

Fiffiken da ya lanƙwashe ba tare da ya gutsure ba shi ma yana jijjiga, domin yana tura ruwa daban da 'yan'uwansa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kafe wani tsinke kusa da bakin fiffike ɗaya, a juya farfela da hannu, a ga ko sauran suna wucewa a tazara ɗaya. Al'adar daddaka fiffike da guduma a bakin ruwa tana iya mayar masa da siffa a ido, amma ba ta dawo da daidaiton nauyi, kuma alminiyon da aka lanƙwasa aka miƙe yakan tsage daga baya.

Akwai wata cuta da ta fi waɗannan haɗari saboda ɓoyuwarta. A tsakiyar yawancin farfelun injin maƙalawa akwai zoben roba da aka matse, wanda aikinsa shi ne ya zame idan farfela ta daki abu mai ƙarfi, domin giya ta tsira. Idan ya taɓa zamewa sau ɗaya, riƙonsa ya ragu ke nan. A bakin kwata, da ƙaramar wuta, jirgi zai motsa kamar lafiya lau. Sai an kai tsakiya, an buɗe totur domin a keta igiyar ruwa, inji ya yi kururuwa jirgi kuma ya ƙi gaba. Ana gano wannan ta hanyar ja layi da fenti daga tsakiyar farfela zuwa jikinta. Idan bayan gajeriyar tafiya layin ya rabu biyu, robar ta mutu. Ƙananan injuna kuwa wata 'yar ƙusa mai laushi suke da ita, wadda aka yi ta domin ta karye. Maye gurbinta da ƙusar kafinta yana mayar da dukan kan haƙoran giya.

Inji yana kuma iya yin kururuwa ba tare da turi ba idan farfela ta shaƙi iska daga saman ruwa. Hakan na faruwa idan an ɗaura injin sama da yawa, ko an jibga kaya a goshin jirgi bayansa ya ɗaga, ko an karya kwana da ƙarfi.

Sanda da abin da ke riƙe ta

Idan farfela ta fita lafiya, sai a koma kan sandarta. A jirgin iska, ana kama ƙarshen sandar a girgiza ta sama da ƙasa. Idan tana wasa a cikin bututunta, robar da ke ciki ta cinye. Sannan a kwance notunan fayafayan da suka haɗa giya da sanda, a auna ratar da ke tsakaninsu ta kowane gefe da siraran ƙarafan awo. Ƙa'idar da makanikan jiragen ruwa ke bi ita ce a faifai mai faɗin santimita 10, bambancin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kwatankwacin kaurin takarda. Ana yin wannan awo ne jirgi yana kan ruwa, domin jikinsa yakan ɗan sauya siffa idan an fitar da shi tudu. Yawancin karkacewar daga robobin zaman inji take, waɗanda ke lotsawa da tsufa.

A injin maƙalawa sandar gajera ce, amma tana lanƙwashewa idan dukan ya yi ƙarfi. Ana cire farfela a juya sandar ana kallon ƙarshenta. Idan yana rawa, ta karkace. Cire farfelar yana da wani amfanin kuma. A bayanta ne zaren kamun kifi ke naɗewa, ya matse, ya yi ta cin robar da ke hana ruwa shiga giya, wadda makanikai ke kira sil. Ba a ganinsa daga waje. A ruwan da masunta ke aiki kullum, wannan ce hanya mafi kusa da ruwa ke bi ya shiga giya.

Abin da man giya ke tonawa

A ƙasan injin maƙalawa akwai notuna biyu na man giya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kwance na ƙasa a bari 'yan ɗigo su zubo ya isa a san halin da ake ciki. Mai mai tsabta yana da haske. Wanda ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara ya gauraya da ruwa, kuma irin wannan ba ya kare haƙoran giya daga gogayya. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna ya sha zafi. Notin ƙasa a injuna da yawa yana da maganaɗisu: idan an ga ƙura mai laushi a kansa, cinyewa ce ta yau da kullum, amma idan an ga gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke iya ji, wani haƙori ko boris ya fara farfashewa. Masu ƙera injunan suna ba da shawarar a sauya wannan mai bayan kowace awa 100 ta aiki. Jirgin da ke aiki awa biyar a rana yana cika wannan cikin kwana 20.

Yadda giyar ke aiki yana bayyana wata alama da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Sandar da ke gangarowa daga inji tana juya giya biyu a lokaci guda, ta gaba da ta ribas, kowace tana fuskantar nata ɓangaren. A tsakaninsu akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke zamewa ya kama ɗaya daga ciki ya haɗa ta da sandar farfela. Idan matuƙi yana sa giya a hankali har ana jin gurza, ko yana sa ta inji yana kan gudu, kusurwoyin haƙoran sukan goge su zama sumul. Daga nan, duk lokacin da aka matsa wa inji, ƙarfen yakan kuɓuce ya sake kamawa da wani irin bugu da ake ji a jirgi duka. Matuƙi sai ya zaci kututture ya taɓa. Idan bugun yana maimaituwa a ruwa mai zurfi, kuma yana zuwa ne kawai lokacin da aka ƙara wuta, giya ce ke shirin sakin aiki. Wani lokaci sandar sa giya ce kawai ba a saita daidai ba, gyaran da ba ya cin kuɗi idan an yi shi da wuri. A jiragen iska, inda giya ke amfani da kuloci, alamar takan zama jinkiri kafin giya ta kama, ko inji ya ƙara gudu jirgi bai ƙara ba.

Inda lodi ya haɗu da inji

Lodi fiye da ƙima yana nutsar da gefen jirgi kusa da ruwa, wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yana cin inji. Kowace farfela tana da awon tazarar da aka ƙera ta ta ci a juyi ɗaya. Jirgi mai nauyi yana buƙatar mai gajeren awo, kamar yadda babbar mota ke hawa tudu da ƙaramar giya. Idan aka bar farfelar da ta dace da jirgi mara nauyi aka loda masa buhunan hatsi da babura da mutane, inji ba zai kai gudun da aka ƙera shi a kai ba, zai yi ta nishi yana zafi, giya da robar farfela kuma suna ɗaukar fiye da ƙarfinsu. Saboda haka ranar kasuwa ko ranar biki, lokacin da jirgi ya fi cika, ita ce ranar da ɓoyayyen lahani ya fi bayyana.

Injin maƙalawa shi ne kuma sitiyarin jirgi, domin da juya shi ake karkata. Idan turi ya ɗauke, tuƙi ma ya ɗauke. Igiyar ruwa sai ta juya jirgin ya ba ta haƙarƙari, ruwa ya fara tsallaka gefen da lodi ya riga ya dusar, fasinjoji su firgita su karkata ɓangare guda. Abin da ya fara da robar da ta zame yana iya ƙarewa da kifewa, rahoto kuma ya rubuta lodi kawai.

Matsin tattalin arziki yana ƙara tura masu jirage zuwa wannan hali. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa, faɗuwar darajar naira kuma ta tsadar da kayan gyara da ake shigowa da su daga waje. Mai jirgin da kuɗin mai ya cinye ribarsa yana da hanyoyi biyu masu sauƙi: ya ƙara fasinja, ko ya ɗage gyara. Duka biyun a kan giya da farfela suke sauka.

Wa doka ta ɗora wa alhaki

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa da dokar soja ta 1997 kuma hedkwatarta ke Lokoja, ita ke da alhakin yi wa jirage rajista, duba lafiyarsu, da kawar da abubuwan da ke tare hanyoyin ruwa. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka ƙirƙiro a 2023, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon Gwamnatin Tarayya a kan waɗannan hanyoyi a shari'ar da ta haɗa hukumar da Jihar Legas. Dokar 2022 da ta kafa Hukumar Binciken Haɗurra ta Nijeriya, NSIB, ta faɗaɗa aikinta daga jiragen sama zuwa jiragen ruwa da na ƙasa. Ke nan akwai mai dubawa kafin hatsari, akwai mai bincike bayansa.

Abin da aka fi gani bayan kowane hatsari shi ne rabon rigunan kariya da sanarwar hana tafiyar dare. Rigar tana ceton rai bayan jirgi ya kife, amma duba inji yana hana a kai ga kifewar, kuma gwaje-gwajen da aka zayyana a sama ba su buƙatar komai sai sukundireba, sifana, fenti da rabin awa. Jami'in da ke tsaye a kwata, ko sarkin jirgi, ko shugaban ƙungiyar matuƙa, kowannensu zai iya koyonsu cikin yini guda.

Daga nan tambayoyin da ya kamata a yi wa hukumomi da 'yan majalisar da ke wakiltar garuruwan bakin ruwa suke fitowa. Jirage nawa ne aka duba a bara a kowace tasha, kuma dubawar ta haɗa da man giya da farfela, ko ta tsaya ga karɓar kuɗin rajista? Idan jirgi ya kife, ana tsamo injin a buɗe shi, a kuma wallafa abin da aka gani? Kuɗin da aka ware domin cire kututture a Kainji da Jebba da Shiroro, nawa aka saki, wa aka bai wa kwangilar, kuma tsawon wace hanya aka share? Akwai sharaɗin cewa jirgin da ke ɗaukar mutane da yawa ya riƙe farfela ta biyu, anga, ko ƙaramin inji na ko-ta-kwana? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar neman waɗannan amsoshi a rubuce daga hukumomin tarayya, ta kuma ba su kwana bakwai su amsa.

Kafin amsoshin su zo, fasinja ma yana da abin lura. Idan benci yana karkarwa a ƙarƙashinsa da zarar an sa giya, ko ya ga mai yana shimfiɗa launuka a kan ruwa a bayan inji, ko ya ji inji yana kururuwa jirgi bai ƙara sauri ba, ko ya ga siririn ruwan da ke fita daga bayan inji domin nuna yana sanyaya kansa ya tsaya, to jirgin yana da lahanin da matuƙi ya kamata ya duba. A bakin kwata ne ake da damar yin magana ko a sauka, tun ba a kwance igiya ba.